Shayin da Mama Ta Zubar

Ban san wanda ya fara koya wa masu fim cewa idan abu ya yi kyau sai a tono shi a sake yi ba, amma duk inda yake ban yafe masa ba. Mutanen nan ba su da labari, kuma ba su da kunya. Su ɗauko fim ɗin da iyayensu suka yi da gumi, su zuba masa motoci da gidajen bene da 'yan mata masu farcen roba, su ce wai sun sabunta. A da dariya kawai nake musu. Ranar da abin ya shigo falonmu na daina.

Mahaifiyata ta taɓa fitowa a wani fim tun ba a haife ni ba. A gida fim ɗin Mama muke ce masa. Akwai wurin da take kawo wa jarumin shayi, ƙafarta ta harɗe da waya, shayin ya zube a tire, ta waiga hagu ta fashe da dariya. Wannan ba ya cikin labarin. Babana ne a tsaye a gefen hagun yana riƙe da fitilar ɗaukar hoto, wayarsa ce ta harɗe ta. Ya zaro ido don tsoro, ita kuma dariya ta ƙwace mata. Tsohon daraktan ya ce a bar shi haka. Daga wannan shayin aka kai ga aure.

Bayan rasuwarta kan Baba ya fara rikicewa. Ya manta sunana, yana kiran Yayana da sunan ƙanin shi Baban, ya kuma manta ta rasu. Da farko muna gaya masa, sai ya yi kuka kamar yanzu aka faɗa, ya ƙi abinci. Likita ya ce mu daina. Abin da ya cece mu shi ne fim ɗin. Kullum da rana sai in kunna masa daga shafin kamfanin a intanet, ya ja kujerarsa gefen talabijin, daidai inda idonta zai sauka. Tana waigowa tana dariya, zai ɗaga hannu.

"Yi haƙuri, wayata ce," zai ce. Sai ya dube ni. "Tana wurin aiki. Kawo abincin."

Da haka yake ci, da haka yake shan magani.

Wata rana na kunna, babu fim. A wurinsa sai tallar sabo: suna ɗaya, labari ɗaya, wata yarinya ta turo baki a jikin mota. Na ɗauko tsohon faifanmu, wanda ya sha karce, ya tsaya cak tun kafin a dafa shayin.

Ofishin kamfanin yana hawa na sama, sanyi kamar cikin firij, hoton tsohon daraktan a bango an rataya shi a karkace. Ɗansa ne ya gaji wurin. Mai Tabarau ma'aikatansa suke ce masa a bayan ido, don ko a ɗaki ba ya cirewa. Na yi masa bayani tun daga farko, yana ta latsa waya.

"Ayya, Allah sarki," ya ce. "Amma Malama, tsarin aiki ne. Idan sabo zai fita, ana kulle tsoho. In ba haka ba mutane sai su yi ta kwatantawa."

"To in sabon ya fi, mene ne na tsoron kwatance?"

Ya yi kamar bai ji ba.

"Kwafi ɗaya nake roƙo, ranka ya daɗe. A falonmu kawai za a kalla."

"Yau falonku, gobe duniya. Na san halin mutane." Sai ya yi murmushi. "Ke, wurin shayin nan ma mun saka shi. Sak! Ni da kaina na tsaya a kai, sai da yarinyar ta yi ta zubarwa har ta iya. Ku kawo tsohon ya gani, ai wannan ya fi haske."

Wai har ta iya. Mutum ya zauna ya koya wa yarinya yin tuntuɓe, kuma yana alfahari. Na fito cike da haushi, na bar masa katin gayyatar kallon sabon fim ɗin da ya miƙo mini a kan tebur. Sakatariya ta biyo ni da shi har bakin matakala ta cusa mini a jaka.

A gida Baba ya koma zama bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Ba ya ci. Duk motsin da ya ji sai ya miƙe.

"Ba ta taɓa daɗewa haka ba," yake cewa.

Yaya ne ya ce a kai shi ya kalli sabon fim ɗin.

"Auta, mutumin da bai gane ni ba, zai gane 'yar fim? Ya ga shayi ya zube, ya ji dariya, shi ke nan."

"Yaya, ba Mama ba ce."

"Na sani! Kina da wata dabarar? Dube shi yadda ya rame."

Ba ni da wata dabarar. Muka sa masa rigarsa mai kyau muka tafi sinima nunin rana.

Kada Allah ya sa in sake ganin irin wannan shirme. Jarumin da a da tela ne mai keken ɗinki ɗaya, yanzu yana da kamfani da masu gadi, kuma ba a ga ya ɗinka ko maɓalli ba. Hirar da Mama take yi a zaune a kan benci, an mai da ita bakin wurin ninkaya, da kiɗa mai huda kunne. An ƙara faɗa, an ƙara mota mai kamawa da wuta, ba wanda ya san dalili. Baba dai ya nace sai da muka ba shi kujerar ƙarshe ta gefe, inda ya saba.

Sai ga tire. Na ji ya gyara zama, hannunsa ya fara ɗagawa. Yarinyar ta taho tana rangwaɗa, ta yi tuntuɓen da aka koya mata a kan tayil mai sheƙi wanda babu ko zare a kai, shayin ya zube. Ta ɗago ta kalli jarumin tsakiyar ido, ta yi dariya mai tsabta, haƙora a jere. Sun kwafi shayin, sun kwafi dariyar, amma babu wanda ya taɓa tambayar wa Mama take kallo.

Hannun Baba ya tsaya a sama. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke shi a hankali.

"Ba ta waigo ba," ya ce.

"Baba, bari mu..."

"Auta." Rabon da ya kira ni haka har na manta. "Uwarki ta rasu, ko?"

Na kasa yi masa ƙarya. Yaya ya sunkuyar da kai.

Muna fitowa muka ci karo da Mai Tabarau da mai kyamara a bakin ƙofa. Kafin in kare fuskar Baba sun ɗauka. Washegari ga shi a shafinsu, a wurin da fim ɗin Mama yake a da: tsoho yana hawaye, an rubuta a ƙasa wai sabon fim ya taɓa zuciyar dattawa. Na je ofishin, masu gadi suka hana ni hawa.

Baba ya daina zama bakin ƙofa. Da kansa ya ja kujerarsa daga gefen talabijin ya kai ta jikin bango. Ya sake manta sunana, wani lokacin har hanyar banɗaki sai an nuna masa. Kullum ina jira ya manta wancan ɗin ma, ya ce mini tana wurin aiki. Har yau bai manta ba.