Safiyar da Doris Ta Ci Ƙugiya

"Riƙe komar, Bogdan! Kai, ba haka ba, nutsa ta ƙasa!"

Sandar fatsar ta lanƙwashe kamar za ta karye, tsoho Clive kuma ya kafa dugadugai cikin taɓo yana ja. Minti ashirin ke nan suna kokawa, shi da abin da ke cikin tafkin. Bogdan dai hankalinsa ba ya kan ruwan, fuskar maƙwabcinsa yake kallo. Leɓunan tsohon sun yi toka-toka, gumi na tsattsafo masa alhali safiya ce ta sanyi. Tun da suka iso ko tsuntsu ɗaya bai yi kuka ba.

"Baba Clive, ba ni sandar ka huta."

"In ba ka, ka kai kifin tukunya? Ka ji ɗan banza!"

Wannan tsokana ta kai shekara tara. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a layin bayan masana'antar gwangwani. A Kirsimetin farko da Bogdan ya yi a Ingila bayan tasowarsa daga Poland, Clive ya shigo gyara musu famfo, sai ya tarar da kifin karp da ransa a bahon wanka, yana jiran wuƙa. Tsoho ya ajiye sifana ya fice, wata guda bai amsa musu gaisuwa ba. A wajen Bogdan karp abincin biki ne, haka uwarsa ta yi, haka kakarsa. Su Clive kuwa kama shi suke yi su auna, su ɗauki hoto, su shafa masa magani inda ƙugiya ta huda, su mayar. Har suna suke raɗa musu, don Allah ku ji! Bogdan ya sha gaya masa a fuska cewa wannan hauka ne tuburan.

Babbar karp ɗin da ke wannan tafki sunanta Doris, kuma shekara goma sha ɗaya Clive na binta bai taɓa kama ta ba. Likita ya hana shi ɗaukar ko buhun dankali saboda ciwon zuciya, shi ya sa yau ya ƙwanƙwasa ƙofar Bogdan ya ce ya zo ya riƙe masa kaya.

Ruwa ya dare. Wani baya mai ruwan tagulla ya taso, faɗinsa ya kai faranti, ya faɗa cikin komar. Da ƙyar Bogdan ya cicciɓo ta ya kwantar a kan jiƙaƙƙiyar katifar da aka shimfiɗa dominta.

"Ita ce," in ji Clive. "Wallahi ita ce."

Ya durƙusa ya cire mata ƙugiyar. Daga nan bai tashi ba. Ya dafe ƙirji, ya ja baya ya jingina da gindin bishiya, numfashinsa na fita guntu-guntu.

Bogdan ya zaro waya, babu sabis. A wannan kwarin ba a taɓa samu ba, sai an hau tudu wajen ƙofar da suka bar mota, gudun minti biyar. Ya yunƙura zai ruga, tsohon ya cafke masa bakin wando.

"Ita tukuna."

"Kifi ne fa, Baba! Kifi! A garinmu da yanzu ana yanka albasa!"

"Kar a ce a hannuna ta mutu, Bogdan. Na roƙe ka."

Doris na kwance tana buɗe baki tana rufewa. Bogdan ya sure ta zai wurga ya wuce.

"Kar ka jefa ta! Ta gaji, kifewa za ta yi. Shiga da ita. Riƙe ta a miƙe, sai ta ture hannunka da kanta."

Bogdan ya zagi kifin da yarensu, ya zagi tafkin, ya kuma shiga. Ruwan ya kai masa ƙugu, sanyinsa har cikin haƙori. Ya tallabe ta da hannu biyu. Da ya ɗan sassauta sai ta karkace, farin cikinta ya nuno sama, dole ya sake miƙar da ita.

"Yawwa," ya ji muryar tsohon a bayansa. "A hankali, maƙwabci. Ashe ka iya."

Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Tsoro ya cika Bogdan, ga haushi. Ya san in ya sake ta ya ruga, babu mai ganin laifinsa a duniya, sai mutum ɗaya, wanda ke zaune yana kallonsa.

"Baba Clive, tana motsi kaɗan-kaɗan. Kana ji na?"

Ya ƙara ɗaga murya.

"Baba Clive!"

Bai waiwaya ba, don ya kasa. Yana nan tsaye hawaye na zuba, sai ya ji jikinta ya yi tauri a tafinsa. Ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, ta ture shi, ta nutse.

Clive na jingine yadda ya bar shi, hularsa ta zame gefe, idanunsa a buɗe suna fuskantar ruwan. Bogdan ya ruga tudu duk da haka, takalmansa cike da ruwa, yana ihu cikin waya da Turancin da ya tsere masa.

Ma'aikaciyar motar asibiti ta daɗe durƙushe a kan tsohon kafin ta ja bargo ta rufe masa fuska. Ta ɗago ta dubi Bogdan, ta dubi jiƙaƙƙen wandonsa.

"Da ya faɗi, nan take ka kira mu?"

Bogdan ya dubi tafin hannunsa, yauƙin kifin ya fara bushewa a kai. A bayan matar, tafkin ya kwanta lif, ko kumfa ɗaya babu.