Cinyar Ragon Suna

A duk garin Gaya ba wanda ya taɓa zagin Sanusi, kuma abin da ya fi damunsa ke nan.

Uwarsa Zuwera Ba'ara ce daga Zabori. Ubansa wani Bature ne da ya zo aikin haƙar rijiyoyi, ya gama kwangila ya koma ƙasarsu tun Sanusi yana ciki. Bai bar wa yaron komai ba sai farar fata da gashi mai laushi. Kakansa Dodo ne ya raɗa masa suna, ya raine shi da fura da tuwon gero kamar sauran jikoki. Amma sunan da ya manne masa shi ne Anasara, wato Bature. Da shi ake kiransa a lakwal, makarantar boko, da shi ake kiransa yanzu da ya doshi shekara arba'in yana gyaran injin ban-ruwa a kan hanyar gada. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, masu fitowa daga Malanbil suna yi masa Faransanci, ya amsa musu da Hausar da ta fi tasu, su yi dariya su ce Anasaran nan ya iya Hausa.

Ba a wulaƙanta shi. In ya je gidan biki, kowa na kan tabarma, shi sai a ɗauko masa kujera. Tun yana ƙi har ya gaji ya riƙa zama.

To, Ba'are da Bafillace taubasai ne tun kaka da kakanni. Kowannensu yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma duk abin da suka gaya wa juna ba a fushi. A kasuwar Gaya gwanin wannan wasa shi ne Siddo, wani tsohon Bafillace dillalin shanu mai sanda da malfa. Ba Ba'aren da ke wuce shi lafiya. In ya hango Issa, ɗan kawun Sanusi, sai ya ɗaga sanda.

"Kai bawa, wa ya ba ka izinin hawan moto ubangidanka na ƙasa?"

"Matsa can, mai warin nono," in ji Issa. "Saniya ta aiko ka?"

Sai su tafa, kowa ya kama gabansa. Amma in Siddo ya juyo ga Sanusi, wanda suka sha nonon gida ɗaya da Issa, sai ya gyara tsayuwa ya miƙo hannu biyu.

"Bonjur, Anasara. Ina gajiya? Ina iyali?"

Sanusi yakan amsa, ya koma kan injinsa da ɗacin rai.

Siddo yana da wata al'ada da kowa ya sani. Duk gidan Arawa da aka yi suna, sai ya zo lokacin da rago ya gasu, ya yanke cinya guda, ya ce rabon ubangida ne daga dukiyar bawa. Mata su bi shi da ludayi da muciya suna ihu, shi kuma ya tafi yana taƙama, maiƙo na ɗiga a rigarsa. Masu gida su kwana suna ƙorafi, da jin daɗi a fuskarsu. An yi haka a sunan 'ya'yan Issa duka.

Da Rahina matar Sanusi ta haifi namiji, yaron ya fito jawur. Tun kafin a yanke cibi mata suka fara cewa ƙaramin Anasara ya iso. Sanusi ya ji. Shi dai tasa ta riga ta wuce, amma ba ya son ɗansa ya girma a kan kujera. Ya lissafa cewa in Siddo ya ɗauki cinya a gidan nan, a gaban jama'a, magana ta ƙare: gidan Arawa ne, yaron kuma Ba'are.

Ranar suna aka kira yaro Umaru. Sanusi ya sa aka kafa ragon a bakin ƙofa, ba a tsakar gida ba inda aka saba. Mai gashi ya ce iska za ta riƙa kaɗa wutar, Sanusi ya ce a bar shi nan. Da naman ya yi ja, ya sallami mai gashin ya je ya ci abinci, shi kuma ya ɗauko wuƙa mai kaifi ya aje a kan turmi kusa da ragon, ƙotarta na kallon hanya.

Bayan azahar Siddo ya iso. Ya ratsa ta gefen ragon, ya ɗan tattare rigarsa don kada ta taɓa. Ya tarar da Issa a rumfa ya ƙwace masa hula, ya ce bawa ba ya sa hula gaban ubangida. Ya leƙa cikin gida ya ce wa Zuwera tsohuwar baiwa ta kawo masa ruwa, ta ce ya je rafi ya sha da shanunsa. Aka yi ta dariya. Sa'an nan ya zo gaban Sanusi, ya miƙo hannu biyu.

"Barka da suna, Anasara. Allah shi raya."

Sanusi ya dubi hannuwan, bai karɓa ba. Sai ya faɗi maganar da ya ji Issa ya sha faɗa, da irin muryar Issa.

"Matsa can, mai warin nono. Kai bawana ne, ɗan bawan kakana. Wa ya ce ka shigo min gida da takalmi?"

 Wani da ke zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Maganar Issa ce, ba ƙari ba ragi, amma mutane sun ji ta daga bakin farin mutum yana ce wa tsoho baƙi bawa. Wasu samarin Fulani biyu da suka rako Siddo suka miƙe tsaye. Issa kansa ya sunkuyar da kai.

Sanusi ya tsaya yana jira. Zagi ɗaya kawai yake so, ko wane iri.

Siddo ya dube shi. Ba mugun mutum ba ne, kuma ya san Dodo, ya san Sanusi tun yana rarrafe. Sai ya ɗaga wa samarin hannu su zauna, ya juya ga jama'a.

"Ku bar shi, ba komi. Ya ga muna yi ne, yana so shi gwada. Bai san wasan ba." Ya juyo ga Sanusi da murmushi mai taushi. "Na yafe maka, Anasara. Kada ka sa komi ga ranka."

Jama'a suka saki numfashi. Wani ya ce Siddo dattijo ne, wasu suka ce gaskiya ne. Aka ci gaba da zuba shayi. Wani ya jawo kujera ya ce wa Sanusi ya zauna ya huta, tun safe yana tsaye.

Kafin Siddo ya tafi ya roƙi a nuna masa jariri. Zuwera ta fito da shi a zane. Tsohon ya tuɓe takalmansa, ya cire malfa, ya tofa addu'a a natse, ya ce Allah ya sa ya gaji ubansa. Ya yi sallama ya fita, ya sake tattare rigarsa a bakin ƙofa.

Da la'asar mai gashi ya dawo don a raba nama. Ya zagaya ragon, ya ɗauki wuƙar daga kan turmi, ya ce wa Sanusi ya yi sa'a, cinyoyin ragonsa duka biyu suna nan.