Kalmar da Mushe Bai Koyar Ba

"Ka tashe ni zaune, ba ni ganin Intalla ina kwance," in ji Mushe Sa'adu.

Na tallabe shi na jingina da bango. Maƙwabcina ne, tsohon malamin Ingilishi a kolejin Dakoro, Mushe kuwa laƙabin malaman boko ne a nan, kuma ciwo ya cinye shi har bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. Bakin nan dai yana nan. Mutum ne da ko taka ka ya yi, sai ya bayyana maka cewa ƙafarka ce ta shigo hanya.

Intalla, dillalin dabbobi, amininsa ne tun suna samari. Wata sallar layya ragon Mushe ya ɓace, ya tsaya tsakiyar kasuwa ya kira Intalla ɓarawo. Daga baya aka tsinci ragon cikin wani garke a hanyar Birnin Lalle. Mushe bai je ba da haƙuri ba, har suka yi furfura ba sa ga maciji. Ranar nan da hantsi shi ya aike ni kiransa, ni kuwa tsorona kada rai ya fita bai faɗi abin da ya kamata ba.

Intalla ya yi sallama, ya zauna bakin tabarma.

"Ka san Ingilishi na da kalma, afoloji," in ji Mushe. "Yanzu neman gahwara ce. Amma asalinta, kare kai take nuhi, mutum ya tsaya ya ce ga hujjata."

Raina ya ɓaci. Mutum na bakin kabari yana ba da darasi!

"Akwai eskiyus, wannan uzuri ne. Akwai sori, ita kuma 'yan Najeriya ko tuntuɓe ka yi sai su ce maka ita, kamar sannu."

Daga bayan labule matarsa Hawwa'u ta ce, "Malam, don Allah."

Intalla ya sassauta rawaninsa. "Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, Sa'adu. Cikinsu wacce ce ta wanda ya yi kewar abokinshi?"

Ban taɓa ganin tambaya ta ƙure Mushe ba sai ranar.

"Wagga ban koyar da ita ba," ya ce a hankali. Sai hawaye. "Intalla, na zalunce ka. Ka gahwarta mini."

"Na yahe tun ran da aka ga ragon. Ƙahwarka nike jira ta tako gidana, ga shi tawa ta zo."

Bayan la'asar Mushe ya cika. Intalla ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Da muka dawo ya zauna ƙofar gidan cikin masu karɓar gaisuwa, ƙasar kabarin tana gwiwoyin wandonsa, bai kakkaɓe ba.