Komai na Asali

Barci ya ƙaurace wa Malam Asali tun farkon dare, kuma abin da ya hana shi runtsawa bai fi tsawon kamu ɗaya ba: guntun tiyon roba baƙi, irin wanda ke kai man birki zuwa tayar mota. Da yamma ya ciro shi daga kwalinsa domin ya sanya wa ƙaninsa a akwatin kayan gyara. Ya lanƙwasa shi don ya shiga, sai tiyon ya yi wata 'yar ƙara kamar an karya busasshen kara, ya tsage. Wani baƙin gari ya zubo masa a yatsu. Ya daɗe yana kallon garin nan, daga bisani ya goge hannu a wando, ya jefa tiyon bayan kanta, ya shiga gida ya ci abinci kamar babu abin da ya faru.

Uku ya saya rana ɗaya, daga kwali ɗaya, a wani tsohon shago da magada ke kwashe kayansa. Wanda ya tsage shi ne na ajiya. Sauran biyun suna jikin motarsa, a tayoyin gaba.

Abokansa na ƙungiyar masu tsofaffin motoci ne suka laƙaba masa sunan, saboda kalmar asali ba ta barin bakinsa. Motarsa, wadda a gida ake kira Tsohuwa, ta girme shi, amma babu ƙusa ɗaya a jikinta da ba ta zamaninta ba. Duk ƙarshen mako suna haɗuwa a filin da ke bayan gidan mai, kuma ya daɗe da lura cewa kowa da kamannin motarsa. Mai Ganga ya cire wa tasa salansa mai rage ƙarar inji, shi ma ana jin muryarsa tun daga bakin titi. Ɗan Gayu fentinsa na ɗaukar ido, amma ba ya yarda a buɗe masa bonet. Shugabansu, wani dattijo da suke kira Alƙali, yana yawo da madubi a bakin sanda, yana leƙa ƙarƙashin motocin mutane, tasa kuwa tana gida a lulluɓe domin bai yarda da kowa ba. Motar da madubin Alƙali bai samu baƙon abu a cikinta ba, ita ake ɗaura wa wani ɗan faifan tagulla a gaba, mai kalma ɗaya: Zalla. A duk ƙungiyar, motar Malam Asali kaɗai ke ɗauke da shi.

Da gari ya waye za a tafi taron shekara, a wani gari da ke kan dutse, inda hanya ke hawa tana murɗewa, ta kuma gangaro da kwane-kwane masu rami a gefe. Shi ba zai je ba. Aikinsa ba da magani ne a asibiti, kuma ranar ta faɗo kan aikinsa, bai samu wanda zai canje shi ba. Auta, ƙaninsa, shi zai tuƙa. 'Yar Malam Asali ƙarama kuma ta yi ta roƙo har aka yarda ta bi su.

Ya juya a kan gado. Ya gaya wa kansa cewa na jikin motar suna shan mai kullum, ba su bushe ba kamar wanda ya zauna a kwali. Ya gaya wa kansa cewa ya yi ta yawo da motar cikin gari, birki bai taɓa ba shi kunya ba. Sai wata murya a zuciyarsa ta tambaye shi, a natse, yaushe ya taɓa taka birki da ƙarfi. Shi mutum ne mai lallaɓa mota, yana rage gudu tun kwana na nesa, ƙafarsa na sauka a hankali kamar mai gudun tada jariri. Auta kuwa ɗan babur ne. Babur ɗinsa ja ne, babu madubi, babu murfin sarƙa, an cire duk abin da ke ƙara nauyi, kuma haka yake rayuwarsa. Ba ya tuna birki sai abu ya iso gabansa, sannan ya danne shi gaba ɗaya.

Wurin cin abinci ma sai da Auta ya tsokane shi.

"Yaya, wai in na ga saniya a hanya, sai na nemi izinin Tsohuwa kafin in tsaya?"

"Ka tuƙa ta da ladabi. Ta girme ka."

"Ni fa tsoron Alƙali nake ji. In ya leƙa ya ga takalmina ba na asali ba ne, ai sai ya kore mu."

Yarinyar ta yi ta dariya har ruwa ya shaƙe ta. "Baba Ƙarami, a gaba zan zauna ko?"

"A gaba mana, ranki ya daɗe. Ke ce kwandasta."

Wannan dariyar ce ta fi komai tsaya masa a rai. A wurin aiki ba ya tausayin magani. In kwanansa ya ƙare, ko kwalin bai taɓa buɗuwa ba, ko launinsa bai sauya ba, cikin kwandon ƙonawa yake jefa shi, yana kuma yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kan haka. Amma ranar da ya samu tiyon nan a rufe, da hatimin kamfaninsa na dā, rungume kwalin ya yi. Bai taɓa kawo wa ransa cewa roba ma tana mutuwa a ajiye ba. Kalmar asali ta rufe masa ido, ya ɗauki tsufa a matsayin lafiya.

Yana da sababbin tiyo. Auta ne ya kawo masa su tun lokacin da ake haɗa motar, guda biyu, an naɗe su da zaren ƙarfe mai ƙyalli, ya ce ga na zamani. Ranar har fushi ya yi, ya wurga su saman kabad. In ya ɗaura su, madubin Alƙali zai gan su tun kafin dattijon ya gama sunkuyawa, kuma a gaban baƙi daga garuruwa za a kwance faifan. Ya san irin dariyar da Mai Ganga zai yi. Ya san sunan da za a sauya masa.

Da haske ya fara shigowa ta labule, matarsa ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Baban yarinya, tun ɗazu kake juyi kamar an zuba maka tsakuwa a shimfiɗa. Ciwo ne?"

"Ina son ki taimake ni a gareji."

Ta tashi zaune. "Ni? A gareji? Ni da ko jingina da Tsohuwa aka hana ni?"

"Aikin mutum biyu ne."

Ta dube shi da kyau, ta ga fuskarsa, ta bar wasan. Ta ɗauki mayafi ta bi shi.

Garejin na warin mai da sanyin siminti. Ya yaye ƙyallen da ya rufe motar, ya ɗaga gabanta da jak, ya tokare ta, ya kwance tayoyin biyu. Sannan ya buɗe ƙofar direba ya ce matarsa ta shiga. Ta zauna a ɗarare, hannuwanta a cinya, tana gudun taɓa sitiyari. Ya nuna mata birkin, ya kwanta a ƙasa da tocila.

Tiyon hagu yana nan baƙi, sumul, da tambarinsa da har yanzu ake iya karantawa. Ya ji wani sanyi a ransa, har ya soma jin kunyar tada ta.

"Taka," in ji shi.

Ta taka. Babu abin da ya motsa.

"Ba haka ba. Taka kamar yadda Auta zai taka. Kamar yaro ya faɗo titi."

Ta tattara ƙarfinta ta danna. A cikin hasken tocila, can kusa da inda robar ta haɗu da ƙarfe, wani wuri ya taso a hankali, ya kumbura kamar jijiyar wuyan mai ihu. Fatar robar ta buɗe da ƙananan tsage, ɗigon mai guda ya tsattsafo, ya taru, ya faɗo masa a kumatu. Bai goge ba.

"In saki?" ta tambaya daga sama. "Ƙafata na rawa."

"Saki."

Kumburin ya koma, tiyon ya sake zama sumul, kamar bai taɓa yin komai ba.

"Lafiya dai?"

"Za ta yi lafiya."

Ya tashi ya hau kujera, ya laluba saman kabad cikin ƙura har hannunsa ya taɓa ledar da sababbin ke ciki. Ya kwance tsofaffin da sifana, yana tare man da ke zuba a cikin gwangwani, ya ɗaura sababbin. Suna ƙyalli a ƙarƙashin motar kamar haƙorin azurfa a bakin dattijo. Ya cika man birki, sannan suka shiga fitar da iskar da ta shiga bututun, aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa.

"Taka. Ƙara. Riƙe."

"Na riƙe."

Ya sassauta ƙaramin noti, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure.

"Saki. Taka kuma."

Haka suka yi ta yi, taya bayan taya, muryarsa daga ƙasa, tata daga sama, har man ya koma fitowa garau, ta ce birkin ya yi tauri kamar dutse. Ya sa ta sake dannawa da dukan ƙarfinta, yana haska tiyon hagu, sannan na dama. Babu wanda ya motsa. Da ta fito, sai ta kai bakin mayafinta ta share masa man da ke kumatunsa, ta tafi tada yarinya.

Ya mayar da tayoyin, ya sauke motar. Daga nesa ya jiyo kukan babur ɗin Auta yana tahowa, da gudu kamar kullum, har sai da ya iso ƙofar gida sannan taya ta yi ƙara a kan tsakuwa. Malam Asali ya tsuguna a gaban motar, ya kwance ƙusoshi biyun da ke riƙe da faifan tagulla. Wurin da ya zauna ya fi sauran fentin haske. Ya sanya faifan a aljihun rigar aikinsa, ya ɗauki makulli, ya je ya buɗe wa ƙaninsa ƙofa.