Kan Wuta Biyu da Injin Baba

Kan wutar Yaya ya tsage tana tsakiyar aikin wasu duwatsun sarƙa. Kan wuta shi ne ƙarfen nan da ake ɗaurewa a gefen tebur, gas ya biyo tiyo ya fito ta bakinsa, a narka sandar gilashi a harshen wutar, a naɗe ta a tsinken ƙarfe har ta zama dutsen ado. Wanda ya tsage ɗin na Baba ne tun kafin a haife ni. Da shi ya ciyar da mu, har ƙirjinsa ya gaza, Yaya ta gaji kujerar.

Washegari da rana wata mai sayar da kayan walda ta zo gidanmu da akwati a hammata. Doguwar mace ce mai saurin magana, da tabon ƙuna a bayan hannunta. Yaya ta kai ta ɗakin aiki da ke ƙarshen baranda. Na bi su da littafina, yatsana a cikin shafin da na tsaya, na raɓe jikin ƙofa.

Matar ta fito da kan wuta biyu ta jera a tebur. Ta ɗaga na farko, wani gajere mai ramuka a wuya.

"Wannan gas kawai yake sha, iskar ɗaki yake ja da kansa. Amma ƙara gare shi kamar jirgi zai tashi, kuma yana dafe launi. Ki ba shi shuɗi, ya mayar miki da ruwan wanki."

"Ɗayan fa?" in ji Yaya.

"Ɗayan ɗan gayu ne. Shiru, wutarsa siririya kamar allura. Fure ne, ido ne, 'yan tsuntsaye ne, duk zai yi miki. Sai dai ba ya tashi sai da oksijin."

Yaya ta ɗauki siririn tana juya shi. Ta murɗa makunninsa ta mayar, ta sake murɗawa. Na daɗe ban ga fuskarta ta saki haka ba. Can sai ta ajiye.

"Wanda muke haya a gidansa ya hana shigo da tukunyar oksijin."

"Wa yake ta tukunya yanzu? Inji ake sawa, irin na masu ciwon ƙirji, kin ga wanda..." Ta yi shiru ta karkata kai. "Ba shi nake ji yana kuka ba kuwa?"

Shi take ji. Injin oksijin na Baba yana ɗakinsa yana gurnaninsa, yana sauke ajiyar zuciya lokaci-lokaci. Mun saba da shi har mun daina jin sa.

"Shi ne," in ji Baba.

Yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, robar hancin a hannunsa, ba a fuskarsa ba. Ashe duk yana ji.

Matar ta rusuna ta gaishe shi. Da ta ga shatin robar a kumatunsa sai muryarta ta sauka.

"Baba, bari in faɗa tun yanzu. In na haɗa injin nan da layin gas, ko da sau ɗaya ne, ni ba zan yarda ya koma hancin mutum ba. Wannan babu gwaji. In an haɗa, an haɗa ke nan."

"To a haɗa. Likita ya ce na samu sauƙi."

Ina wurin lokacin da likita ya yi magana. Cewa ya yi Baba zai iya cire robar na ɗan lokaci in yana zaune bai motsa ba. Na buɗe baki, maganar ta maƙale. Haka nake, a zuci ina da bayani shafi guda, a baki ko layi ɗaya ba ya fita.

"Baba, ka koma ka kwanta," in ji Yaya.

"Na gaji da kwanciya. An ɗaure ni kamar tunkiya, ke kuma kina nan kina ƙona launi. Auta, cire shi daga soket."

Na kalli Yaya, ba ta kalle ni ba. Baba bai taɓa maimaita mini umarni ba. Na shiga na cire. Injin ya ja numfashi ɗaya ya mutu, gidan ya yi wani irin tsit da ban so ba.

Na kai hannu zan ja injin, Baba ya ture ni. Da kansa zai kai. Injin tayoyi ne da shi, ba wani nauyi ba, kuma barandarmu ba ta da tsawo. Amma ranar sai na ga kamar an ƙara ta. Ya wuce ƙofar kicin a miƙe. Wajen famfo ya tsaya, ya yi kamar igiyar injin ce ta harɗe. Ina bayansa ina kallon kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Da ya isa ɗakin aikin ya zube a tsohuwar kujerarsa, ya yi wa baƙuwar murmushi.

"'Yata, ke ba ki san ni ba. Lokacin da nake... hura gilashi... ke kina..."

Bai ƙarasa ba. Ya yi dariya don ya rufe, dariyar ta koma tari. Leɓɓansa sun yi launin toka.

Matar ta durƙusa gaban injin. Ta ce sai an yanke robar daga gindi kafin a sa mahaɗi. Ta zaro almakashi daga akwati, ta sa robar a tsakanin bakinsa, ta ɗaga kai. Ba Baba ta kalla ba, Yaya ta kalla.

"In yanke?"

"Yanke," in ji Baba.

Yatsana ya zame daga shafin. Yaya tana tsaye, hannunta ɗaya a kan siririn kan wutar.

"Dakata, Anti. A fara gwada mai ƙarar."

"Ɓata lokaci... ne," in ji Baba. "Ni na koya miki... wuta. Kin san..."

Yaya ta riga ta ɗaure gajeren a tebur. Ta haɗa tiyo, ta buɗe taga, ta sa baƙin tabarau. Ta murɗa gas ta ƙyasta. Ƙarar da ta tashi sai da kwalaben kan kanta suka yi rawa. Ta ɗauki sanda shuɗiya ta fara ɗumama ta a gefen wutar, ba ta waiwayo ba.

"Wannan nake so," ta faɗa da ƙarfi. "Ya fi zama a hannuna. Auta, fitar da injin nan, ba a ajiye shi kusa da wuta."

Bakin Baba yana motsi, amma babu mai jin sa. Hakinsa ma ba a ji, ƙarar ta haɗiye komai. Matar tana durƙushe har yanzu, almakashin a buɗe. Ban san lokacin da na ajiye littafin a ƙasa ba. Na je na zare robar daga hannunta. Ba ta hana ni ba, ta ma tura mini injin da gwiwa.

Na sunkuya wajen Baba. Na zaci zai ture ni. Ya daɗe yana kallon bayan Yaya, sannan ya ɗora hannu a kafaɗata ya miƙe. Ban san yana da nauyi haka ba. Hannu ɗaya na ja inji, ɗaya na riƙe ƙugunsa, muka bi barandar a hankali. Wajen famfo ƙafarsa ta lanƙwashe, na danne shi da bango har ya dawo.

A ɗaki na kasa samun ramin soket sai da na yi ta laluba. Injin ya yi ƙara, ya kama gurnani. Na zuba wa 'yar ƙwallon da ke cikin gilashinsa ido har ta tashi ta tsaya, alamar iska ta fara fita. Baba ya karɓi robar ya sa da kansa, ya juya fuska bango. Na zauna a bakin gado. Sannu a hankali kafaɗun suka daina tsalle.

Na ɗauka barci ya yi. Sai ya yi magana, bai juyo ba.

"Yayarki ba ta iya ƙarya ba."

Ya ja numfashi, sannan ya ci gaba.

"Je ki ce mata ta daina cusa dutsen a bakin wutar. Ta ɗaga shi can sama, inda harshen ya yi laushi. Launin ba zai dafe sosai ba."

Na koma. Matar tana naɗe siririn kan wutar a ƙyalle tana mayarwa akwati. Dutsen da ke kan tsinken Yaya ya yi duhu-duhu, ba shuɗi ba, ba toka ba. Na sa baki a kunnenta na faɗa mata saƙon Baba.

"Ya sa robar?"

"Ya sa."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗaga hannunta sama kaɗan, ta ci gaba da juya tsinken.