Hoton Yaya a Ƙarƙashin Labari

Auta ba ta ko ajiye jakarta ba, manaja ya turo mata wayarsa har hanci.

"Duba aikinki."

Labarin haɗari ne. Motar safe ta kamfaninsu na sufuri ta faɗa rami, direba ya rasu nan take. A ƙarƙashin labarin kuwa ga tallar da ita Auta ta saka a intanet: hoton yayanta, direba a kamfanin, cikin rigar aiki, yana murmushi har kunne. Ita ta zaɓi kalmomin da tallar za ta riƙa bi, mota, tafiya, babbar hanya, sunan kamfani. Na'ura kuwa ba ta san gawa ba, duk inda ta ga kalmomin sai ta manna hoton.

"Wa ke tuƙi?" in ji Auta.

"Dogo ne, Allah ya jiƙansa. Ko iyalinsa ba a sanar ba tukuna. Yayanki yana wata hanyar, lafiyarsa lau. Cire abin nan kafin a zage mu tas!"

Ta zauna gaban kwamfuta, ta dakatar da tallar. Kafin ta yi ajiyar zuciya wayarta ta fara tsuwa. Wata 'yar goggonsu, wadda ba a taɓa riga ta kai labari ba, ta ɗauki hoton shafin, labari a sama fuskar Yaya a ƙasa, ta watsa a zauren hirar dangi na waya. Salati sai shigowa yake yi.

Nan take Auta ta tuna: Mama na cikin zauren, Mama mai hawan jini, wadda likita ya ce ko ƙofa kada a buga da ƙarfi kusa da ita.

Auta ta rubuta cewa ba shi ba ne, saƙon ya nutse cikin ta'aziyya. Ta kira Yaya, waya a kashe. Dokar kamfani ce direba ya kashe waya in yana tuƙi, dokar da ita kanta ta yi alfahari da ita a tallar. Ta kira Mama, ba a ɗauka ba.

"Ina za ki? Ba mu gama ba!" in ji manaja.

Ko waiwaye ba ta yi ba. Bas ɗin da ta shiga ta maƙale a cunkoson bakin kasuwa, ta sauka ta kama gudu, mayafi a hannu. Tun daga nesa ta hango takalma jibge a ƙofar gidansu.

Mama na zaune a ƙasa, ta jingina da kujera, ido a kafe, mata sun kewaye ta.

"Mama, yana da rai! Wallahi yana da rai! Talla ce, ni na saka hoton, ba shi ke tuƙi ba!"

Mama ta damƙe hannunta. "Ki rantse."

"Na rantse, Mama. Daga bakin manaja na ji."

Sai a lokacin kuka ya zo wa tsohuwar, ɗaki ya kaure da hamdala. Wadda ke yi mata fifita ta ajiye mafici ta share hawaye. Auta ta dube ta da kyau, sai ta gane ta. Matar Dogo ce, maƙwabciyarsu ta ƙarshen layi, da goyo a baya.

"Kai, alhamdulillahi," in ji matar. "Ni fa, Allah ya yafe mini, da na ga hoton sai da na ji sanyi a raina, don baban yaran nan ma da asuba ya fita. Kunyar abin ce ta sa na rugo in zauna da Mama."

Ta gyara goyonta, ta matso kusa, ta rage murya.

"To Auta, ke da kike ofis, wane bawan Allah ne?"