Gobara a Shagon Mai Zane

Ƙarar fashewar gilashi ce ta sa mai ɗinki ta ɗaga ƙafa daga kan keke. Daga shagon maƙwabcinta ƙarar ta fito, tsohon nan mai zanen fuskokin mutane. Ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba.

Ta tarar da kujera a kife, fenti ja da shuɗi sun malale a siminti. Tsohon ya rungume wani zane a ƙirji, ɗan ƙanensa kuma, ƙaton da ake kira Gobara, ya riƙe ɗaya gefen yana ja. A kan tebur ga waya a jingine tana ɗaukar komai, ga kwalbar fetur kusa da ita.

Mai ɗinki ta san zanen. Marigayiya matar tsohon ce. Wata bakwai ya yi a kansa bayan rasuwarta, sai da ya fito da yadda take matse leɓe in tana ɓoye dariya. Shi ma Gobara ta san shi. A nan ya koyi riƙe buroshi, amma ya ce aikin ya cika cin rai. Yanzu cikin minti goma yake zana fuska, ya watsa mata fetur, ya ƙyasta ashana, ya kashe wutar da rigarsa. Dubban mutane ke kallonsa a waya.

"Baffa, gefe kawai zan ƙona," in ji Gobara. "Shekara nawa Inna na rataye a bango, sai ƙudaje ke kallonta? Yau duniya za ta gan ta."

"Kai za su gani," tsohon ya ce yana haki. "Kullum kai suke gani. Ka taɓa zama ka kalli mutum har ka san shi? Sakar min matata."

"An daina yayinku, tsoho!"

Tsohon ya saki hannu ɗaya ya ɗauke shi da mari. Gobara ya dubi wayar, ya dubi baffansa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya kai masa naushi a baki, sannan ya hankaɗe shi da hannu biyu. Tsohon ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki kusurwar teburin ƙarfe.

Mai ɗinki ba ta san lokacin da ta ɗauki guntun katako ba. Ta maka wa Gobara a gadon baya, ta ƙara masa a wuya, tana ihu. Bakanike da mai aski suka shigo da gudu, suka jawo shi waje ta ƙafa. Tana jin yadda ake kirɓarsa a bakin titi, yana cewa, "Wallahi ban yi nufi ba! Baffana ne!"

Ta durƙusa, ta cire ɗankwalinta ta danne raunin. Jini mai ɗumi na bin tsakanin yatsunta, yana gaurayewa da fentin ƙasa.

"Baba, kalle ni. An tafi neman mota. Baba!"

Ya buɗe ido da ƙyar. Haƙoransa biyu sun karye.

"'Yar nan," ya ce, "kashe wayar can. Kada su kalle ni haka."

Ta miƙa hannu ta wawuro wayar, ta buga ta da siminti har sai da ta yi kaca-kaca.

Kwana uku tsohon ya yi a asibiti, bai sake magana ba. Da hantsin rana ta huɗu ya cika. Gobara kuwa yana hannun 'yan sanda, da karyayyen haƙarƙari.

Bayan mako guda 'yar tsohon ta zo kwashe kaya, ta roƙi mai ɗinki ta taya ta. Suka kankare siminti, suka ɗaure burosai da zare. Zanen marigayiya ya yage daga kafaɗa zuwa ƙirji, 'yar ta naɗe shi a zani.

A bayan ƙofa mai ɗinki ta ga wani sabon allo a jingine. Fari ne fes, sai kunne ɗaya da aka zana da fensir. Ƙaramin kunne ne, da 'yar tsaga a ƙasa, inda ɗan kunne ya taɓa yagawa tun ana yara.

"Yaya, na waye wannan?" in ji 'yar.

Mai ɗinki ta tura yatsa a ƙarƙashin ɗankwali, ta shafa kunnenta na hagu.